Alkakin Shugabar Kamfani

Ranar da aka zo ɗaukar babban kaskon suya daga gidan Adda Hauwa, ita da kanta ta wanke shi. Ta sa toka da soso ta kankare baƙin da ya yi shekaru yana tarawa, wai don kada a kai shi baƙon wuri ya ba ta kunya. Ƙarti biyu suka cicciɓe shi zuwa bayan akori-kura, ita kuma tana biye da su har bakin zaure tana cewa a yi hankali da kunnensa na hagu, ya taɓa tsagewa. Daga baya, duk sa'ad da ta tuna wannan rana, sai ta yi dariya ta ce ita dai ba ta taɓa ganin akuyar da ta wasa wa mahauci wuƙa ba, sai kanta.

Ya Gana, aminiyarta da ke bayan layinsu, tana zaune a kan 'yar kujera tana kallo. Babarbariya ce, iyayenta daga Borno suka zo Azare, ita kuwa Adda Hauwa Bafulatana, saboda haka tun suna amare ba su taɓa gaisawa ba tare da tsokana ba.

"To baiwata," in ji Ya Gana, "ga kasko ya hau mota ya bar ki a ƙasa. A murfin kwano za ki soya mini garar Hidaya?"

"Ji Babarbariya da rashin wayewa. Lokacin da na yi miki alkawari kasko ɗaya gare ni, yanzu kuwa kamfani guda. Ki dai tanadi fantekoki, kada ranar ta zo a rasa wurin zubawa."

"Na ji. Ni dai ko ƙwayar alkama ba zan saya ba."

"In kin saya ban yafe ba."

Wannan alkawari ba na jiya ba ne. Lokacin da mijin Adda Hauwa ya rasu tana cikin takaba, Ya Gana ce ta riƙe mata sana'a, ta yi ta suya a tsakar gidan nan har aka fita, ba ta karɓi ko sisi ba. Ranar fita takaba Adda Hauwa ta faɗa a gaban mata cewa duk ranar da Hidaya, autar Ya Gana, za ta yi aure, alkaki da dubulan da nakiyar da za a kai gidan miji a wuyanta suke. A lokacin Hidaya tana goye. Yanzu ga shi an sa mata rana bayan Babbar Salla ta baɗi, da wani ɗan mutanen Misau, dangi masu sa ido a kan kayan gara. Mijin Ya Gana kuwa tsohon masinja ne, fanshonsa sai ya ga dama yake zuwa.

Maganar kamfani daga bakin Najmuddeen ta fito, ɗan Adda Hauwa na fari, kuma a nan gizo ke saƙa. Ita 'yar gidan fulako ce, irin gidan da uwa ba ta faɗin sunan ɗan fari, ba ta haɗa ido da shi, ba ta hira da shi. Tun da aka yaye shi kakarsa ta tafi da shi Chinade, can ya yi wayo, shi ya sa yake ce mata Adda kamar wata yayarsa. Ita kuwa "wancan" take ce masa, in ta so karamci ta ce "yayanku". Idan ya shigo gaishe ta, sai ta samo wa kanta aiki a jikin bango. Duk maganar da ke tsakaninsu Rukayya, ƙanwarsa, ce ke kaiwa da kawowa, ko da su ukun suna ɗaki ɗaya.

Da ya gama bautar ƙasa a 2005, ya zaga ofisoshin Bauchi har takalminsa ya cinye, aiki bai samu ba. Sai ya dawo gida ya ƙura wa kaskon uwarsa ido. Ran nan ya zauna a ƙofar ɗakinta ya shiga yi wa Rukayya bayani da ƙarfi, yadda mai kallon bango ma za ta ji.

"Ki gaya wa Adda, sana'ar nan ta fi ƙarfin tsakar gida. Daga Misau ake zuwa, daga Disina ake zuwa, amma kullum hannu baka hannu ƙwarya. In aka yi mata rajista ta zama kamfani, banki zai ba da rance. Manyan kantunan Kano ba sa karɓar kayan da ba leda ba lamba. Kuma ko an yi asara, Allah ya kiyaye, bashin kamfani a kan kamfani yake tsayawa, ba mai taɓa gidan nan. Ga hayaƙi ya cinye mata ido. Ta huta mana haka nan."

Duk abin da ya faɗa gaskiya ne. Adda Hauwa tana da tambaya ɗaya tak a ranta: in na so in ba wani fa? Ta so ta sa Rukayya ta tambaya, sai ta ga kamar za a ce tana ja-in-ja da ɗanta a kan abin duniya. Ga kuma wani daɗi da ya cika mata ciki, wanda fulako ya hana ta nunawa. Ta gyara zaman kwanukan da ba su karkace ba, ta ce, "A ce masa Allah ya sa albarka."

Kada a ɗauki alhakin takarda, ba wata maƙarƙashiya a cikinta. Lauya ya zo daga Bauchi ya karanta mata da Hausa tiryan-tiryan. Kaso mafi tsoka nata ne, ita ce shugaba, wato Ciyaman. Najmuddeen manaja, Bappayo ƙanen marigayi mijinta kuma darakta. Lauyan ya ce ta riƙe abu ɗaya: kamfani a wurin hukuma mutum ne mai zaman kansa, da sunansa da aljihunsa, abin da ya shiga hannunsa ya zama nasa. Adda Hauwa ta dangwala yatsa tana murmushi a cikin mayafi. Da mazan suka fita ta ce wa Rukayya, "Kin ga ikon Allah, na yi haihuwar tsufa ba naƙuda." Ta manta cewa jariri karɓa ya iya, ba bayarwa ba.

Da ledojin farko suka fito, da sunanta a jiki da jan rubutu, Adda Hauwa Limited, ta jefa ɗaya a jaka. Gidan suna, gidan gaisuwa, duk inda ta je sai ledar nan ta san yadda ta faɗo lokacin da take laluben goro. In mata suka ɗauka suna jujjuyawa, sai ta ɗaure fuska ta ce, "Shirmen yaran zamani ne, ni ban san kansa ba." Uwar da ba ta da ikon yabon ɗanta da baki, sai ta yi ta yabonsa da leda. Har Ya Gana ta gaji ta ce in ta sake faɗowa a gabanta za ta cinye abin da ke ciki.

Watan farko hutu ne na gaske. Ta yi barcin hantsi, ta yi ƙiba, idonta ya washe. Sannan gidan ya fara yi mata faɗi. Matan unguwa da ke zuwa taya ta naɗin alkaki, su sha hira, su tafi da fasassu a gefen zani, suka ɗauke ƙafa, don ba abin naɗawa. Yaran da ke jiran lasar tukunyar sukari suka koma wani gida. Murhun tsakar gida kaji suka mayar da shi wurin birgima. Abinci dai ba a rasa ba, kowane wata motar kamfani tana sauke shinkafa da mai da sabulu. Abin da ya ɗauke shi ne ɗan kuɗin da mace ke ƙullewa a bakin zani, wanda ba mai tambayarta ina ta kai shi. An yanka mata albashi, an ba ta na 'yan watanni, daga nan aka ce ta yi haƙuri, banki ya fara karɓar nasa.

Mutanen gari kuwa kallon kitse suke yi wa rogo. In ta fito, "Ciyaman" ta ko'ina. Mai neman kuɗin magani ya zo, mai neman gudummawar suna ta zo, kowa ya tafi da addu'a. Da can ko ba ta da kuɗi tana da abin damƙa wa mutum a hannu. Da maƙwabciyarta Jumai ta haihu, ta aiki Rukayya kamfani ta karɓo ɗan abin barka, ko fasassu ne. Rukayya ta dawo hannu rabbana. Mai sito ya ce sai da takardar manaja, manaja kuma ya ce fasassun ma yanzu ana ƙulla su a ƙaramar leda a sayar wa 'yan makaranta. Adda Hauwa ta je barka da "Allah ya raya" tsurarsa. Tana sa takalmi a bakin ƙofa ta ji wata daga ciki tana cewa, "Kuɗi ke nan. Lokacin da ba ta da shi ta fi kyauta." Abin ya yi mata ciwo ƙwarai, amma a hanya sai ta ce wa kanta, ai ke kika yi ta yar da leda a gabansu, yanzu sai ki tsince ta.

Azumi ya wuce, ƙaramar salla ta wuce, Ya Gana ta fara lissafin baƙi. Ranar Juma'a da Najmuddeen ya zo gaisuwa, Adda Hauwa ta ce wa Rukayya a tuna wa wancan maganar garar Hidaya.

"Ki gaya wa Adda ban manta ba," in ji shi. "Amma gara ba kwano ɗaya ba ce. Buhunan alkama ne da sukari da jarkokin mai, ga ladan ma'aikata. Ba daga aljihuna za su fita ba, ba kuma daga nata ba, daga na kamfani ne, ni kuwa amana aka ba ni. In da nawa ne, wallahi ba sai an tuna mini ba."

"A ce masa alkawarin ya girmi kamfanin," in ji ta, tana kallon bango.

"Ki gaya mata shi ya sa bai hau kansa ba. Lokacin da aka yi shi ba a haifi kamfani ba."

Adda Hauwa ta ci gaba da kallon bango. Haushin da ya fi ci mata rai shi ne, amsar ta yi ma'ana, kuma kuɗin alkakinta ne suka biya makarantar da aka koya masa ita.

Ta aika aka kira Bappayo. Ya zo a kan sabon babur mai tambarin kamfani, ya kafe shi a inda za a gani daga titi. Wannan shi ne mutumin da ya yi shekaru yana cin tuwonta lokacin yana gwauro. Ya saurare ta yana kaɗa makulli.

"Adda, ki gode wa Allah. Me kika rasa? Ci ko sha ko sutura? 'Ya'yan wasu suna can tasha suna shaye-shaye, naki ya kai sunanki har Kano. Kasuwancin zamani ba ya tafiya da kunya. Su Ya Gana su yi gara daidai ƙarfinsu mana, ai ba farilla ba ce."

Da ya tafi, Rukayya ta matso kusa. "Adda, ai lauya ya ce kasonki ya fi na kowa. In kin so, kina iya sauke manaja ki naɗa wani."

"In kori yayanki daga aiki? Ki ce in tuɓe zani a tsakiyar kasuwar Azare kawai, ya fi sauƙi."

"To ki je ki gaya wa Ya Gana gaskiya tun da sauran lokaci."

"Gobe zan je."

Ta kuwa je, ba sau ɗaya ba. Amma duk zuwan da ta yi sai ta tarar Ya Gana ta ƙaro fanteka, ta saya ko ta aro, ta jingine a bango. Kafin ta buɗe baki Ya Gana ta riga ta: "Baiwata, na gaya wa mutanen Misau mai kamfanin da kanta ce za ta yi mana. Kin ga yadda suka yi tsit?" Sai maganar ta koma ciki. Sai ta ji bakinta yana cewa, "Yana nan tafe." Ta fito tana tsine wa wannan baki da ba ya shawara da mai shi.

Da salla ta matso, Najmuddeen ya aiko da cewa hanya ɗaya ce ta rage. Kyauta mai girma haka sai taron daraktoci ya amince, kuma shugaba ce ke da ikon kiran taro. Adda Hauwa ta ce to a kira. Ta sa mayafinta na fita kunya, ita da Rukayya suka hau acaɓa zuwa hanyar Misau, inda kamfanin yake. Ba ta taɓa zuwa ba. Maigadi ya dube ta ya ce, "Baba, in sari ne sai ki zaga ta baya." Sai da Rukayya ta nuna masa sunan da ke jikin allo ta ce ga mai shi, sannan ya buɗe yana ta ba da haƙuri. A rumfar suya ta hango kaskonta a cikin 'yan'uwansa sababbi, an rubuta masa lamba da farin fenti a gefe. Ta ɗauke kai ta wuce.

A ƙofar ofis aka ce Rukayya ta jira a waje, ita ba darakta ba ce. Aka zaunar da Adda Hauwa a wata ƙatuwar kujera mai juyawa. Ta gode wa Allah da wanda ya ƙera ta, ta juya ta ta fuskanci bango.

"An buɗe taro," in ji Najmuddeen. "Shugaba tana da magana."

"Bappayo, a ce masa…"

"Adda, a taro shugaba da kanta take magana," in ji Bappayo.

Ta gyara mayafi. Sannan ta gaya wa bango abin da ya kawo ta, a gajarce, kamar mai roƙon gishiri a maƙwabta. Najmuddeen ya amsa cikin ladabi, muryarsa ƙasa-ƙasa. Ya ce mutumin banki yana zuwa ƙarshen wata ya duba kaya. Ya ce alkama ta yi tsada. Ya ce in aka buɗe wannan ƙofa, duk amaryar da uwarta ta taɓa gaisawa da Adda za ta zo da fantekarta. Ya ce in kamfani ya tsaya da ƙafarsa, nan da 'yan shekaru, har asusun taimako za a buɗe da sunanta. Bappayo ya ce shi dai yana bayan manaja.

Sai Adda Hauwa ta sa ƙafa ta juyo da kujerar. Ta dube shi, kallon da ba ta yi masa ba tun yana cikin zanin goyo. Ashe goshin ubansa gare shi. Ashe har ya fara ramewa a wuya.

"Najmuddeen," in ji ta.

Sunan ya fito mata baƙo a baki, har ta ji kunyar kunnuwanta. Makullin Bappayo ya faɗi ƙasa.

"Najmuddeen, matar nan ta riƙe mu ranar da ba mu da kowa. Shekarar da babanku ya rasu, da guminta aka ɗinka maka kayan makaranta. Ta dogara da maganata, ba ta tanadi komai ba. Roƙonka nake yi."

Idanunsa suka kawo ruwa. Ya sunkuyar da kai ya daɗe bai ɗago ba, kafaɗunsa suna motsi. Tausayinsa ya kama ta, ta ce a ranta shi ke nan, an gama, jini ba ya ƙarya. Ya share fuska da hannun riga, ya jawo 'yar na'urar lissafi, ya daddanna.

"Adda," in ji shi, "za a yi mata ragi. Ƙasa da farashin sari. Wallahi ban taɓa yi wa kowa haka ba."

"Madalla," in ji Bappayo. "An yi zumunci."

A kan acaɓa, a hanyar komawa, dariya ta kama ta har mai babur ya waiwayo. Shekaru kusan talatin tana ajiyar sunan nan kamar ɗan kunnen gwal, tana cewa ranar da ta ɓaci zai yi rana. Yau ta fito da shi kasuwa, ragi ya sayo mata. Sai da suka sauka Rukayya ta ga mayafin ya jiƙe.

Tana da tunkiya guda da take kiwo a bayan ɗaki. Washegari ta sa aka kai ta kasuwa. Abin da aka samu ta raba shi tsakanin alkama da fulawa da sukari da mai, ko wanne kaɗan. Ta aika gidan Jumai aron kasko. Jumai ta bayar, amma ta aiko da tambaya, wai Ciyaman kasko ya ƙare a kamfani ne? Ɗan kaskon suyar ƙosai ne, alkaki kaɗan yake ci a zubi ɗaya. Ta kori kaji daga murhu, ita da Rukayya suka duƙa. Hannunta bai manta naɗi ba, bayanta ne ya manta duƙawa. Duk da haka, tun da aka ɗauke kaskonta ba ta ji daɗin jikinta kamar kwanakin nan ba, har waƙa Rukayya ta ji tana yi a ƙasan maƙoshi. Da aka gama aka tattara, sai ga alkaki fanteka ɗaya, dubulan bai kai rabi ba, nakiya a kwanon sha. Ta tsaya ta dube su ta ce, "Garar 'yar tsana ke nan."

Biki saura kwana kaɗan ta ɗora wa masu acaɓa kayan, ta bi su a ƙafa. Gidan Ya Gana ya cika da dangi daga Maiduguri da Potiskum, ƙamshin turaren wuta har waje. A tsakar gida an share wuri an jera fantekoki, wankakku, suna ƙyalli a rana, babu komai a ciki. Aka yi guɗa da ganinta. Aka sauke abin da ta kawo, aka ci gaba da kallon ƙofa.

"Motar tana baya ne?" in ji wata gwaggon amarya.

"Babu mota," in ji Adda Hauwa.

Gwaggon ta ɗaga murfi ta leƙa. "Ko leda babu. Ragowar kamfanin aka tattaro mana ke nan?"

Ya Gana ta taso. Ta kama hannun aminiyarta ta ja ta ɗaki, ta saki labule.

"Hauwa, me na yi miki?"

Adda Hauwa ta ga hanya biyu a gabanta, ko wacce da ƙaya. In ta ce ɗana ne ya hana, Ya Gana za ta rungume ta su yi kuka tare, ta san wannan. Amma labule ba ya riƙe magana, ga mata cike da tsakar gida. Kafin magariba duk Azare ta ji, kafin Juma'a Misau ta ji, cewa Najmuddeen ya sa uwarsa ta roƙe shi ya hana ta. Wa zai sake ba shi amana? Wa zai ba shi 'ya? Ta tuna wuyansa da ya rame. Hannunka ba ya ruɓewa ka yanke ka yar. Sai ta ƙaƙaro dariya.

"Rowa ce ta kama ni da tsufa, Babarbariya. Na zauna na yi lissafi, na ga abin da yawa. Kin san mu masu kamfani."

Ya Gana ta daɗe tana kallonta. "Ko dai akwai abin da kike ɓoye mini?"

"Babu."

"Ki dube ni ki ce babu."

Ta dube ta. "Babu."

Ya Gana ta gyara lafayarta a hankali. "To mun gode, Hajiya. Allah ya ƙara arziki." Ta ɗaga mata labule, kamar yadda ake yi wa baƙuwa mai daraja. Adda Hauwa, wadda ko filin jirgi ba ta taɓa gani ba, ta karɓi Hajiyar ta fito. Tana ratsa zaure ta ji Ya Gana tana ce wa ƙanenta Babakura ya nemo mai sayen keken ɗinkinta yau ɗin nan, in ya samu ya wuce kamfani ya ji nawa suke sayar da katan.

Ta taka zuwa gida ita kaɗai, rana tana dukanta. Za a yi wa Babakura ragi, ta san wannan, don an rubuta a takardar taro. Za a kai gara Misau a cikin ledoji masu jan rubutu, a yaba. Juma'a mai zuwa kuma wancan zai zo gaisuwa da ledar lemo, ya ce a gaya wa Adda an cika mata umarninta. Ba wanda ya zage ta, ba wanda ya doke ta, ba wanda ya saci ko allurarta. In ta kai ƙara wurin alƙali, sai a tambaye ta wa ya cuce ki, ta ce kamfani, a ce wa ke shugabancinsa, ta ce ni. A gidaje da yawa haka ake yi: a zaunar da tsohuwa a kujera mai laushi, a cire mata hannu daga abin da take bayarwa, a ce an hutar da ita. Mace kuwa irin Adda Hauwa ba ci ne ke riƙe da ita ba, ɗan abin da take miƙa wa mutane ne. Ba ta ga laifin rajista ba, ba ta ga laifin lauya ba. Laifin da ta gani na yaro ne da ya sami bangon da zai laɓe a bayansa, da na uwar da ta fi son ta rasa aminiya da ta ji an zagi ɗanta.

Rukayya tana tsakar gida tana wanke ɗan kaskon Jumai za ta mayar. Ta ɗago kai.

"Adda, kin gaya mata?"

"Na gaya mata."

"Me kika ce?"

"Na ce ni marowaciya ce."

Rukayya ta saki soson. "Kuma ta yarda?"

Adda Hauwa ta cire mayafi ta rataya a igiya, ta zauna a bakin murhun da ya huce.

"Ta yarda mana," in ji ta. "Ai shugabar kamfani ce ta faɗa."